Tankin Baya na Kaka Ilu

Duk wanda ya san Kaka Ilu a Matameye ya san karan geronsa. Da shi yake auna mai. Kullum da safe sai ya buɗe tankin gaba na tsohuwar motarsa, ya zura karan, ya zaro, ya duba, ya shinshina. Wallahi har ɗanɗanawa na ga ya yi.

Motar kun tuna ta, wannan mai ɗaki a ciki, da gado da murhu, wadda ya saya hannun wasu nasaru bayan ta mace musu a hanyar Damagaram. Tanki biyu gare ta, allurar da ke nuna mai kuwa ta mutu tun babana yana yawo ba wando. Tankin gaba na zuwa kasuwanni ne. Na baya namu ne, ni da shi. Tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, ya yi mini alkawari, ranar da ya cika zai kai ni Yamai in ga kogi.

"Amarya," haka yake kirana, "ruwa ne na gaske, ba irin tafkinku na kwaɗi ba."

"Ni ba na auren tsoho mai warin fetur."

"Za ki zo kina roƙo!"

Duk ran kasuwa sai ya sayi mai kwalba ɗaya a bakin titi, ya juye a tankin baya, ya rufe da sauri kamar ya kama tsuntsu. Bai taɓa zura kara a can ba. Wai in ana yawan buɗewa, man tashi sama yake yi.

Wata rana ya ɗebo mata zuwa suna a Kance, mai ya ƙare a tsakiyar daji. Inna, kakata, ta ce, "Malam, juya mana zuwa na baya."

"Na Yamai ne."

"To a nan za mu kwana?"

"Ga gado, ga murhu. Me kuka rasa?"

Haka mata suka fito da sabbin atamfofi suka tura, shi yana kan sitiyari yana cewa su ƙara wuta.

Da babana ya dawo cirani daga Kano, ya zo masa da sabbin allurai biyu, ɗaya ga kowane tanki. Kaka ya juya su a hannu ya ce, "Abin da ba shi da hanci, ta yaya zai san mai?" Ya cusa su ƙarƙashin gado.

Sai da idonsa ya fara rauni. Ya zaro kara ya miƙo mini, wai in nuna masa inda ya jiƙe. Bayan kwana kaɗan, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya kira bakanike.

Aka ɗaura allurar gaba, ta tashi zuwa rabi. Kaka ya ce, "Ta yi sa'a." Aka ɗaura ta baya. Ko motsi.

"Ban gaya muku ba? Maƙaryaciya!"

Bakanike ya shiga ƙarƙashin mota, ya fito da tsatsa a yatsa. "Baba, tankin nan ya huje. Kuma ba bana ba."

Inna ta ce, "Shi ya sa ko tururuwa ba ta bi ta wurin!"

Kaka ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Kai, wannan tsakar gida! Ta sha man zuwa Yamai da dawowa, kuma tana nan inda take." Kowa ya fashe da dariya. Ni na zagaya bayan mota na yi kukana.

Ya sa aka liƙe tankin, ya fara daga farko. In ya juye kwalba sai ya kira ni. "Amarya, zo ki karanta mini."

"Ta kusa rabi, Kaka!"

"Maƙaryata biyu a gida ɗaya. Allah ya shirye ku."

Da damina ya rasu, allurar ko kwata ba ta kai ba. Har yau ban ga kogin ba, kuma ran kasuwa sai in ji kamar za a kira ni.

Allah ya jiƙan Kaka Ilu, ya haskaka masa kabarinsa. Allah ya sa yana can gefen ƙoramun Aljanna, ya kama mini wuri kusa da shi. Amin.