Ranar da Mansuratu Ta Je Kallon Maigida

An haifi Mansuratu a Salaga, a wani gida mai zaure biyu da kakanninta suka gina lokacin da suke fataucin goro. Goron ya ƙare tun kafin ta zo duniya. Babanta, Alhaji Kamaldeen, dillancin doya yake yi: manoma su kawo daga ƙauyuka, shi ya haɗa su da masu manyan motocin Kumasi. A kasuwa ana girmama shi, a gida ana tsoronsa. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba. In ransa ya ɓaci sai ya cire hularsa a hankali, ya ninke ta biyu, ya cusa a aljihu, sannan ya ce wa mai laifi, "To, sannu da aiki." Duk ɗan gidan da ya ji wannan ya san duka ne zai biyo baya.

Ita ce 'yar fari, Wadud shi ne auta. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, don haka a bayan Mansuratu ya girma. Da ta auri Aruna, wani mai sayar da albasa ɗan Bawku, ta tafi ta bar shi a gidan. Yana da shekara goma sha wani abu ta gan shi wata rana a ƙofarta a Bawku, ya sauko daga saman motar kaya, bayansa duk shatin bulala. Ya bar wa babansu tsaron doya ne ya tafi gidan bidiyo kallon kokawar Turawa. Ba ta tambaye shi komai ba, ta zuba masa tuwo. Alhaji bai aiko nemansa ba. Da ya rasu bayan wasu shekaru, su biyun suka je Salaga, Wadud ya sa kafaɗa aka ɗauki makara, suka zauna zaman makoki, suka dawo.

A Bawku Mansuratu soyayyar doya take sayarwa da yaji. Wadud yana dakon buhunan albasa a wajen mijinta, da yamma kuma ya yi ta ɗaga wasu ƙarafa da ya haɗa da siminti a gwangwanaye, har ƙirjinsa ya fi ƙarfin rigunansa. Sai rikicin garin ya sake tashi. Aka sa dokar hana fita, aka hana maza hawa babur, kasuwa ta yi sanyi. Aruna ya kwashe iyalinsa zuwa Yendi, inda kawunsa yake da ɗakuna. Mansuratu ta kafa kaskonta a bakin tasha. Wadud ya ce shi Tamale zai nufa.

Wani direba ne ya fara nuna mata shi a waya, wani ƙato yana jefa mutum a kan katako, jama'a na ihu. Hoton ba ya fita sosai, amma ta gane kafaɗun. Ta kira Wadud.

"Dukan mutane ka koma yi a Tamale?"

"Ba duka ba ne, Yaya. Kokawa ce irin ta talabijin. Shiri ne, tun kafin mu hau mun san wanda zai faɗi."

"To in kun riga kun sani, me mutane suke zuwa kallo?"

"Bayan sallar layya za mu zo Yendi. Ki zo ki gani."

Aruna ya ce shi ba zai je kallon ƙarti suna tsalle da gajeren wando ba. Ranar Asabar ɗin da za a yi wasan, Mansuratu ta tashi daga tasha da wuri, ta yi sallar la'asar, ta yafa mayafi ta tafi ita kaɗai.

Wani fili ne aka kewaye da tamfol a bayan makaranta. A tsakiya an kafa dandamali na bututun ƙarfe da katako, an shimfiɗa katifu an rufe da leda, igiyoyin gefe kuma an zura su cikin tiyon ban ruwa. Janareta na ta ƙara. Samed, wanda ya tara 'yan wasan, shi ke riƙe da lasifika, yana fara magana da Dagbanci, ya karya ta da Turanci, ya ƙarasa da Hausar zango. Wadud ya bar saƙo a ƙofa, sai aka kai ta benci na gaba, kusa da wata mata mai suna Najat, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ce ko a Tamale ba ta bari wasan ya wuce ta.

Wasannin farko ba su ba Mansuratu sha'awa ba. Ta lura in ɗaya ya kai naushi sai ya buga ƙafa a katako don ƙarar ta fito, wanda aka nausa kuma ya yi baya tun hannun bai iso ba. Amma faɗuwar gaskiya ce, tana jin dandamalin yana girgiza har bencinta. Ta ga wani tsoho ya miƙe yana nuna wa alƙalin wasa da sanda cewa an yi maguɗi, yana ta masifa. Najat ta ce mata kowa a nan ya san shiri ne, har tsohon. Mansuratu ta dube shi ta ce, "Bai yi kama da wanda ya sani ba."

Da rana ta yi sanyi aka zo wasan ƙarshe. Wani siririn saurayi ya fito da gudu, ana kiransa Walƙiya, ya haye igiya yana ɗaga hannu, fili ya ɗauki tafi. Daga nan aka kashe kiɗa. Samed ya sassauta murya ya ce, "Ga Maigida nan."

Tun kafin ya fito aka fara yi masa eho. Wadud ya ɗaga tamfol ya shigo cikin babbar riga shuɗiya da hula, hannayensa a goye a baya, yana tafiya a hankali kamar mai duba kaya a kasuwa. Ana jifansa da ledar ruwa bai ko waiwaya ba. Ya tsaya a gaban wani mai ihu ya yi ta dubansa har mutumin ya zauna. Da ya hau dandamali ya nuna wa alƙali takalminsa, sai da alƙali ya durƙusa ya share. Sannan ya juya wajen Walƙiya, ya cire hularsa a hankali, ya ninke ta biyu, ya cusa a aljihu. Samed ya kawo masa lasifika bakinsa. Jama'a sun riga sun san abin da zai faɗa, suka faɗa tare da shi: "To, sannu da aiki!"

Mansuratu ta ga hannayenta sun shige cikin mayafi, ta haɗe gwiwoyinta. Najat tana dariya tana taɓa ta, tana cewa wannan mugun shi ya fi kowa iya wasa.

Wadud ya tuɓe rigar aka kama kokawa. Maigida bai yi kokawa mai kyau ba, kuma da alama ba a so ya yi. Ya ja kunne, ya taka yatsa, ya jira alƙali ya juya baya ya zaro takalmin roba ya yi ta zabga wa Walƙiya a gadon baya. Fili ya rikice da zagi cikin harsuna uku. Walƙiya ya yi ta rarrafe, ya miƙe, a sake kayar da shi. Can sai ya kauce wa wani duka, Maigida ya daki ƙarfen kusurwa da goshi ya yi tangaɗi. Saurayin ya haye igiya ta sama ya diro masa a ƙirji. Alƙali ya buga katako sau uku. Mutane suka yi ta tsalle suna rungumar juna, tsohon mai sanda ya jefa sandarsa sama. Mansuratu ba ta yi tafi ba, amma ta tarar da kanta a tsaye, ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

Ta zagaya bayan tamfol. Wadud na zaune a kan jarka, Walƙiya na shafa masa man zafi a wuya, suna gardama a kan wanda ya yi saurin juyawa. Saurayin ya rusuna ya gaishe ta, ya ce sunansa Tajudeen, a Tamale gyaran waya yake yi. Ya ɗauki jakarsa ya ba su wuri.

"Kin gani, Yaya?"

"Na gani. Rigar nan ta waye?"

"Gwanjo ce."

"Hular fa?"

"Tasa ce. Ranar makoki na ɗauka a ɗakinsa."

"Kun kai wasan nan Salaga?"

"Samed yana so. Ni na ce a'a."

"Kullum kai ake kayarwa?"

"Kullum. Aikina ke nan. Da farko Samed ya ce in shafa baƙin fenti in yi ta gurnani, ba wanda ya kula ni. Ran nan na gwada wannan, sai aka fara jifa."

"Kuma kana jin daɗinsa?"

"Ban sani ba, Yaya. Amma duk ranar da aka kayar da ni, ina yin barci sosai."

Ta miƙa masa ƙunshin doyar da ta ajiye masa, ta tsaya tana kallonsa yana ci. Har ta juya za ta tafi sai ta dawo.

"Akwai abin da ka ɓata. In zai faɗi maganar, ba ya duban mutum. Ƙasa yake kallo."

Wadud ya daina tauna. Ya ce, "Ni ban taɓa sani ba. Ni ma ƙasa nake kallo."

A gida Aruna ya tambaye ta yadda aka yi. Ta ce wasa ne, an taru, ba wanda ya ji ciwo.

Ƙungiyar ta sake zuwa Yendi sau biyu. A karo na biyu Mansuratu ta ɗauko kaskonta ta kafa a ƙofar filin, doyar ta ƙare kafin a fara wasan ƙarshe, ta shiga ta tsaya daga baya. A karo na uku ba ta shiga ba, daga waje ta ji ihun. Sun so su kai wasan Bawku, aka ce ba a yarda da taro ba. Bayan haka Samed ya sami aiki a gidan rediyo a Kumasi, dandamalin ya zauna a bayan wani gareji har ruwan sama ya ci katakon. Wadud ya riga ya gurɗe kafaɗa a wani wasa, ba ya iya ɗaga mutum. Yanzu gadi yake yi a wani babban kanti a Tamale, da yamma yana koya wa samari yadda ake faɗuwa ba tare da an karye ba. Ya auri wata mai ɗinki, Firdaus, sun haifi mace, Mansuratu ta je suna ta kwana biyu.

Aruna yana yawan cewa in Bawku ta lafa za su koma, don can ne ya san kan kasuwa. Ita ta ce masa ya je ya riƙa dawowa, ta gaji da ɗaura kaya. Hayaƙin itace ya fara damun idonta, babbar 'yarta ta saya mata murhun gas, ta yi wata guda tana ƙorafin doyar ba ta yin daɗi kafin ta saba. Tana nan a bakin tashar Yendi, gefen da motocin Saboba suke lodi.