Fadamar da Baffa Ya Bayar da Baki

Jiya da hantsi ina bakin ƙofar da nake gadi a Al Thumama, can ƙasar Larabawa, sai ga balbela ta sauka kan ciyawar da ake yi wa ban ruwa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, zuciyata ta tafi wurin marigayi Baffa, yayan mahaifina.

Ba ya shiga fadamarsa da takalmi, wai ƙafa ma tana da haƙƙin jin sanyi. Ranar da ya kyautar da ita ga ƙaramar hukuma, don a bar ta fili ga tsuntsaye da shanu, ina gefensa. Furannin bado sun buɗe fari fat kamar amare.

Sakataren hukuma ya miƙo takarda. "Baba, a rubuta sharaɗin, a sa hannu."

Baffa ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Ɗan nan, ga liman, ga mai unguwa, ga ɗana. Takarda ta fi su ne?" Aka shafa Fatiha, aka watse.

Liman ya rasu, mai unguwa ya bi shi. Bara aka fara yanka fadamar filaye, aka ce a kawo shaida. Cikin shaidun uku ni kaɗai na rage. Na roƙi kafil, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, hutu in je in ba da shaida, ya katse ni da Larabcinsa, "Khalas, sai shekara ta cika."

Yanzu tifofi ke juye jar ƙasa a wurin. Sakataren kuwa ya tsufa ya makance, in an tambaye shi sai ya yi kuka ya ce bai tuna ba.

Allah Ya ba Baffa lambun da ba mai yankawa, Ya sa ya yafe mini.