Muryar Baban Ummi a Cikin Laya

Mun so tashi da asuba, amma hanyar Zurmi zuwa Ƙaura yanzu ba a shigarta sai rana ta fito, direbobi sun ji labarin motar farko. Ni da ɗiyata Ummi goye a baya, sai wayata a ƙulle a bakin zani. Ranar da muka tafi da sunan unguwarmu ba zan faɗa ba, kun san dalili.

Abin da ya fitar da ni, wayar ce ta fara mutuwa, gilashinta rabi ya yi baƙi. A cikinta akwai saƙonnin murya na maigidana, wanda ya rasu daminar bara. Ummi ba ta san fuskarsa ba, muryar ta sani. Na ce gara a kwashe mani su a memori kafin wayar ta bi shi.

Kuɗin mota ya ninka na bara, kuma an cusa mu kamar buhunan gero. Gonaki na kusa da titi sun yi kyau, na nesa kuwa ciyawa ta cinye. Mota cike, ba mai hira. Kowa tsoron na kusa da shi yake.

Da muka kusa shingen jami'ai direba ya ce, "Jama'a, kowa shi gyara wayarshi." Nan take kawuna suka sunkuya. Ana duba wayoyi saboda masu kai wa mutanen daji rahoto, to ko mai gaskiya sai ya goge. Wata dattijuwa kusa da ni ta nuna mani lambar ɗanta ɗan sa-kai, ta rubuta shi "Mai Gawayi".

Sai na tuna tawa wayar. Akwai saƙon da marigayi ya ce, "Kada ki bi hanyar Shinkafi yau, suna nan." Wa zai yarda gargaɗi ne kawai? Ni karatuna bai yi nisa ba, saƙonnin da tsawonsu da jerinsu nake gane su. Ga gilashi rabi duhu, na danna na goge. A shingen ko kallon wayata ba a yi ba. Jami'in ya leƙo, ya yi wa Ummi wasa, ya ce mu wuce.

Sai a tashar Ƙaura, ina ba ta hoce da ƙuli, na duba. Saƙon hanya yana nan daram. Wanda na goge shi ne wanda yake yi mata tawai, waƙar lallashi, yana kiran sunanta. Na zauna cikin mutane fal, ba wanda zan faɗa wa.

Mai gyaran waya a bakin kasuwa dattijo ne mai tabarau. Ya ce zai iya ajiye mani su a intanet, ko waya ta faɗa rijiya suna nan.

Na ce, "Baba, a hannun wa?"

"Kamfani."

"Su ma suna ji?"

Ya yi dariya. "Ɗiyata, mi za su yi da hirarku? Amma rantsuwa kam ban yi maki."

Na ce a bar su a memori. Ya jona wayar da kwamfutarsa, na tsaya a kansa kamar mai jiran awo. Can sai muryar ta fito a lasifika, tawai ɗin nan da na goge. Ummi ta saki nono ta waiga tana neman mai magana.

Ya ce, "Gogewa daban, fita daban. Yana nan cikin wani lungu."

Na yi hamdala. Sai kuma na tuna motarmu da duk masu sunkuyar da kai, ashe abin da suka goge ma yana nan. Da ya kwashe su a memori na sa ya wanke wayar tas, ya goge na kwamfutarsa ina kallo, ko da yake yanzu ban san me kallon nawa ya tsare ba. Daga nan na kai memorin wurin baduku ya ɗinke shi cikin fata kamar laya, na ɗaura wa Ummi a ƙugu. Layar yaro ba mai buɗewa.

Mun iso gida kafin la'asar, lafiya lau. Abin da tafiyar ta koya mani, waya ba ta riƙe amana kuma ba ta mantuwa, abin da kika ɓoye wa kowa kuwa har ke ya ɓoyu. Ina sauke Ummi ta jawo wayar ta miƙo mani, ta ce "Baba." Na danna, babu komai. Reza tana kan taga. Har yau ban farke ɗinkin ba, ni nake yi mata tawai ɗin, kuma ta san ba muryar ba ce.