Ranar da Inna Kulu Ta Kashe Wutarta

A Danchadi, lokacin da nake yaro, mai ba da labari ba ya buƙatar kowa ya faɗa masa ko ana son labarinsa. Tarin kara ne ke faɗa. Yanzu kuwa sai an zauna a ofis an duba takardu. 'Yata Hauwa'u ce ta tuna mini da wannan. Ita ke rubuta wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da ake nunawa a talabijin duk mako, labarin wani gida na manoman albasa. Bara masu kallo suka fara janyewa, masu talla suka bi su. Shugabannin tashar suka ce ko ta zuba jini a cikin shirin, ko su cire shi.

Sunan kakata aka sa wa Hauwa'u, wato Inna Kulu, mahaifiyar babana. Inna tana da doka. Idan ɗari ya shigo, aka ci tuwo, duk yaron da ke son tatsuniya sai ya zo da karan dawa guda ɗaya. Da shi ake hura wutar da muke ji. Ita tana gefe da mazarinta tana kaɗi, tana magana. Karan ƙarshe na cinyewa take yin shiru, ko da a tsakiyar zance ne, sai gobe. In mun yi yawa labari ya yi tsawo, in mun yi kaɗan ya gajarce.

A shekarar da nake magana, labarin Tasalla take ba mu, 'yar wani mai haƙar rijiya. Dodo ya riƙe ubanta a ƙasan rijiyar da ya haƙa, ita da 'yan'uwanta maza uku suna neman hanyar fito da shi. Makonni muka yi ba a zubar da jinin ko kaza ba. Tasalla tana zura wa ubanta fura a guga, tana yi masa waƙa, 'yan'uwan suna ƙulla dabaru suna shan kunya, mu muna dariya.

Sai telan unguwarmu ya dawo daga Sakkwato da rediyo.

Kafin mako ya zagayo mun koma mu uku: ni, da ƙanwata A'i, da Garba ɗan baffana. Kara uku kuwa kafin a gama zama ya zama toka.

Inna ta dube ni. "Angona, ina mayaƙan naka?"

"Suna gidan tela, Inna."

"Akwati ya hi ni baki ke nan? To ku matso."

A wannan zaman ta kashe babban wan Tasalla. Ya leƙa rijiya, Dodo ya kamo shi ta wuya, ya murɗe kan kamar ana cire albasa daga ganyenta, ya saka a guga. Tasalla ta jawo tana zaton kwanon fura ne, sai ga kan wanta, idanu a buɗe. A'i ta ƙwalla ƙara. Wuta ta mutu.

Da safe muka baza labarin a makarantar allo. Da yamma sai ga kara ya taru har gwiwar Inna. Ta kashe na biyu. Dodo ya feɗe shi da ransa, ya karya ƙasusuwansa ɗaya bayan ɗaya, Inna tana karya kara a gwiwarta don mu ji ƙarar. Muna ihu, "A ƙara! A ƙara!" Muryata ta fi ta kowa. Kwana biyu bayan haka ta ba Tasalla lauje. Dodo ya dafa bakin rijiya zai fito, ita kuma tana sare yatsunsa, tana kiran sunan kowane ɗan'uwa da ya kashe.

Washegari aka tura mu ban ruwa a fadama. Akwai wata 'yar rijiya marar zurfi kusa da fangalin albasar babana. Garba ya shiga, ya dafa baki da hannu biyu yana gurnani, shi ne Dodo. Na ɗauko laujen babana, ni ne Tasalla. Ƙasa na yi niyyar sara, kusa da hannunsa. Sai ya matsar da hannun don ya kamo ƙafata.

Yatsu biyu na hannun dama. Ɗaya ya faɗa ruwa, ɗaya yana reto da fata. Jini ya bi hanyar ruwan ya shiga cikin albasa. Garba bai yi kuka nan take ba, kallon hannun kawai yake yi. A kan jaki aka kai shi asibitin Bodinga, babbar rigar baffana ta jiƙe sharkaf. Ni kuwa babana ya ninka igiyar guga ya dake ni har bayana ya fashe, ba wanda ya riƙe shi.

Da yammar ranar kara ya taru yadda bai taɓa taruwa ba, har 'ya'yan tela sun zo da nasu. An ji labarin jini na gaske. Inna ta fito ba mazari, ta tsaya tana kallon tarin.

"Kun zo ku ji wa za a yanka yau?"

Ta matsa kusa da wutar da yara suka hura.

"To ku ji. Tasalla ta yar da lauje. Ita da autansu sunka ɗebo ƙasa, sunka cike rijiya, sunka koma gida."

Wani ya ce, "Uban hwa, Inna?"

"Ya tahi. Waɗanda anka kashe ba su dawowa. Labari ya ƙare, na yanke kanai na ba ɓera." Ta ɗauki buta ta tsiyaye a kan wutar. "Kowa shi ɗauki karanai."

Daga baya tana shafa mini man kaɗe a baya, ta ce a hankali, "Kai ka sara, angona, amma ni na wasa laujen. Ba don Tasalla na kashe su ba. Don tela na yi."

Na girma na zama tafintan fataken shanu. Na zauna Yamai da Kumasi, na yi shekaru a Khartoum. Na kalli irin waɗannan wasanni da Larabci da Faransanci a rumfunan shayi, kuma ko'ina hali ɗaya ne. Da benci ya fara yin fili, sai a harbe wani a cikin shirin. Benci ya cika mako biyu, sannan a nemi wanda za a harbe na gaba.

Da Hauwa'u ta zo wurina a Shagari da damuwarta, sai na kai ta kasuwar dabbobi wurin Garba. Tun tana ƙarama take ganin hannun, ba ta taɓa tambaya ba. Na ce ya faɗa mata.

Ya ɗaga shi yana dariya. "Aikin ubanki ne wanga, ɗiyata. Da mahauci ya zama, da yanzu ya yi suna."

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, Inna ba ta da ma'aikata. Ni akwai masu cin abinci a shirin nan, 'yan wasa da masu ɗaukar hoto."

Ban ce mata talabijin na sa yara sara ba, don ban san haka ba. Abin da na sani shi ne, daga ranar da Inna ta fara kashe mutanenta don a dawo, labarin ya bar hannunta ya koma hannunmu, mu kuwa ba ma ƙoshi.

Hauwa'u ta roƙi tashar ta ba ta makonni shida don ta rufe shirin. Ba ta kashe kowa ba. Tsohon manomin ya cire albasarsa, ya raba wa 'ya'yansa fadama, aka gama. Wasu daga cikin 'yan wasan har yau ba sa ɗaga wayarta, kuma a gurbin shirin nata yanzu wani shiri ake nunawa mai bindigogi.

Inna ta yi shekara tara bayan abin. Ta ci gaba da ba mu gajerun tatsuniyoyi masu ƙarewa a zama ɗaya, da itacen da ta tsinto da kanta. Ba ta sake karɓar karan kowa ba. Garba kuwa tun daga ranar da yatsa uku yake cin tuwo.