Hoton Ƙirjin Ƙanwata

Sana'ata fata ce. Da fatar akuya uku na fara a kasuwar Birnin Kabi, ba wanda ya ɗora ni, har na kai ga rumfa da masu yi mini shanya. Ba na karɓar fata sai na ɗaga ta ga rana, don haske ke nuna inda wuƙa ta zarce da inda kaska ta ci. Da irin wannan idon na kalli hoton ƙirjin ƙanwata, shekaru kaɗan kafin Turawa su bar ƙasar nan, sai dai na makara da kallon.

Ƙanwata tana aure a Argungu, gidan masunta, bandar kifi take yi. Tun safe har la'asar kanta na cikin hayaƙi, tari kuwa ya zame mata abokin zama. Ta shekara takwas a gidan ba haihuwa, sannan Allah ya ba ta 'ya mace. Bayan haihuwar tarin ya ƙaru, ta rame. Mijinta ya ce hayaƙi ne da jego, a bar ta ta huta. Ni na matsa a je asibiti. Na ce masa shi kifi ya sani, ni na ga duniya.

Malamin asibitin da ke duba mu ya kasa kunne a ƙirjinta, ya ce sai an yi hoto, injin hoton kuma yana wani babban asibiti, tafiyar yini a mota. Muka tafi da 'yar a bayanta. Lokacin ba ta daɗe da gama wankan jego ba, an yi mata kitson fita arba'in. Wata Bafillatana ta yi shi, jela biyu masu kaurin igiyar guga, an ƙara da zare, an ƙoshe su da man shanu.

A ƙofar ɗakin hoto aka tsayar da ni, na karɓi jaririyar. Ba a daɗe ba ta fito. Likitan da zai karanta hoton, Bature ne, bai gan ta ba, bai ji tarinta ba, bai tambayi sana'arta ba. Aka ce mu koma gida, takarda za ta biyo mu.

Bayan sati biyu ta biyo mu. Malamin ya buɗe, ya karanta, ya ja kujerarsa baya. Ya ce tarin fuka ne, ya kama saman huhu duka biyu. A ware mata ɗaki da kwano, ta zauna kusa da asibiti saboda allura, a kuma cire 'yar daga nono a ranar, in ana son ta rayu.

Ni na kai saƙon Argungu, ni na tsaya har aka yi. Mijin yana da ƙanwa a Augie mai goyo, aka shirya a kai mata 'yar. Ƙanwata ta riƙe 'yar da hannu biyu, ta ce:

"Yaya, ni hwa lahiyata lau. Tarin banda na, kowa na yi nai."

Na ce, "Injin Bature ba ya ƙarya. Miƙa ta."

Uwar mijin ta ce, "Ɗan nan, a jinkirta dai ko zuwa Jumma'a." Na ce, "Inna, in ta mutu ke za ki amsa?" Aka kwance goyon.

Na kawo ƙanwata gidana, ɗakin baya. Ana ajiye mata tuwo a bakin ƙofa kamar mai kuturta. Nono ya cika ya kumbura har zazzaɓi ya kama ta, tana tatsewa tana zubarwa a gindin darbejiya. Kullum ta je allura ta dawo ɗakin.

Sai a sati na shida hankalina ya dawo. Na je karɓo mata magani, na ga ambulan ɗin hoton a kan tebur, na tuna ban taɓa amincewa da kaya ba tare da na duba ba, sai wannan. Na ce, "Malam, nuna mini cutar da idona."

Ya yi dariya, amma ya zaro hoton ya ɗaga a taga. Baƙi ne mai sheƙi, ga haƙarƙari fari-fari a jere. Ya ce farin ƙashi ne, baƙin da ke tsakani huhu ne, iska ce a ciki shi ya sa ya yi baƙi. Sannan ya ɗora alƙalami a sama, inda wani fari-fari kamar hayaƙi ya kwanta dama da hagu. Ya ce, "Ga ta nan."

Na karɓa na matsa kusa da haske. Ban san cikin mutum ba, amma na shekara ashirin ina tsayawa a mahauta ina jiran fata, na ga cikin akuya da tunkiya ba iyaka. Huhu a cikin haƙarƙari yake zaune, ba ya fita. Wannan farin kuwa ya wuce haƙarƙarin sama, ya haura ƙashin da ke ƙasan wuya, ya bi gefen wuya ya tafi. Na dama da na hagu tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. In ka ƙura ido, har murɗi-murɗi gare shi.

Na ce, "Malam, huhun mutum na kaiwa wuya?"

Ya ce a'a.

"To mi ciwon huhu ka yi a wuya? Kuma wace cuta ce ke auna dama da hagu daidai, sai ka ce tela?"

Ya karɓe hoton. "Kai da ke shinshinar fatar akuya za ka gyara wa Likita karatu?"

"Ban iya karatu ba. Ka sake dubawa."

Ya duba. Na ga idonsa ya bi farin har wuya, ya tsaya. Ya mayar da hoton cikin ambulan, ya ce a hankali, "Ko na gani, ba ni da bakin faɗa. Bature ya sa hannu." Na roƙe shi takardar komawa babban asibiti, ya ce in ya rubuta, cewa za a yi ya ƙaryata na gaba da shi. Da ban fita da sauri ba, da na yi abin da zai kai ni gaban alkali.

Har na iso gida ban san mene ne farin ba. Na shiga, na tarar da ƙanwata zaune ta ba ni baya, ɗankwalinta ya zame. Kitson nan na nan, ba mai taɓa kanta balle a tsefe. Jela biyu sun sauko ta gefen wuya, sun kwanta dama da hagu. Na tsaya kamar an kafa ni.

Na ce, "Ke, ran da anka yi hoto, ina kinka sa kitsonki?"

Ta ce mai hoton namiji ne. Ya ce ta cire sarƙa da 'yan kunne, ta cire. Ya ba ta wata farar riga ta sa. Sai ta tura jelar cikin rigar ta baya, don kada baƙo ya ga gashinta. Bai tambaya ba, ita kuma ba ta san gashi na fita a hoto ba. Wa ya gaya mata?

Washegari matata ta tsefe mata kai ta wanke, muka hau mota ba takarda. Damina ce, ruwa ya sauka, aka rufe hanya da shinge kamar yadda ake yi don kada motoci su ɓata ta. Kwana biyu muka yi a bakin shingen. A asibiti tafinta, mai juya wa Likita magana, ya ce ba a ganin Likita sai da takarda. Na shimfiɗa buzuna a ƙofar, na ce nan zan yi salla har ya fito. A rana ta uku Likita ya tsaya ya tambayi wane ne wannan.

Na faɗa, tafinta ya juya. Na nuna wuyana, na nuna kan ƙanwata. Ba zan yi wa Likita ƙarya ba, ya saurara. Ya sa aka ɗaure gashin a tsakiyar ka, aka sake hoto. Da aka wanke ya maƙala shi jikin wani akwati mai fitila, ya kira mu ciki. Huhu baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, babu ko ɗigo.

Sai ya yi dariya. Ya aika aka kira wasu Turawa biyu, yana nuna musu, yana kwatanta kitso da yatsunsa a gefen wuya, su ma suna dariya. Tafinta ya ce Likita ya ce ina da ido, kuma za a aika a karɓo hoton farko, a haɗa da wannan a riƙa koya wa ɗalibai. Ya ce a daina allura, ta rage zama cikin hayaƙi.

Na ce, "Tambaye shi, wa zai mayar mata da nono?"

Tafinta ya faɗi wata gajeriyar magana, Likita ya gyaɗa kai yana murmushi. Na san bai juya maganata ba, ce masa ya yi ina godiya. Ƙanwata ta ja mini hannun riga, ta ce, "Yaya, mu tai Augie."

Kusan sati bakwai ke nan da rabuwa. Muka tarar da 'yar ta yi ɓul-ɓul, matar nan ta riƙe amana. Ƙanwata ta zauna a tabarma, ta karɓe ta, ta ba ta nono. 'Yar ta kama, ta ja, ba komai. Ta saki, ta banƙare, ta tsala ihu tana miƙa hannu ga wadda ta saba da ita. Aka dafa kunun kanwa, aka jiƙa saiwoyi, aka gwada kwana goma. Nonon ya ƙafe.

Har yau ina jin haushin mai hoton da bai tambaya ba, da Likitan da ya yanke wa mace hukunci bai ga fuskarta ba, da malamin da ya gani ya rufe ambulan. Amma ba ɗayansu da ya ce mata "miƙa ta". Ni na ce.

Na ce mu koma, in ya so a riƙa kawo mata 'yar tana gani. Ta ce ba inda za ta. Ta aika wa mijinta ya nemi mai kula da banda. Ta zauna a Augie, a gidan ƙanwar mijinta, tana yi mata daka da surfe da ɗiban ruwa, tana dama mata kunu safe da yamma don nonon ya ishi yara biyu. In an gama shayarwa sai a miƙo mata 'yar ta goya. Haka ta yi har aka yaye. Ba ta sake haihuwa ba.