Yadda Muka Ƙaurar Da Hanya Saboda Lekwal

A duk shekarun da na yi ina tafinta a biro, wato ofishin kumandan na Filingue, ban taɓa mantawa da ranar da muka je kafa turakun sabuwar lekwal, wato makarantar boko, a wani gari da ke kan hanyar Abala ba. 'Yan shekaru ne kafin Faransawa su tattara su tafi. Ku da kuke aikin gina makarantu yanzu ku saurara, don na ga takardunku, kuma sun yi kama da namu kamar wa da ƙane.

Ga yadda tsarin yake. Kumandan, wato shugaban yanki, shi ke rubuta buƙata. Takarda ta tafi Yamai ta huta a kan teburi, ta wuce Dakar ta sha iskar teku, sannan ta dawo. Tamu ta tafi neman aji uku, ta dawo bayan damina biyu da aji biyu. Na ukun, ina jin, zafin hanya ne ya narkar da shi. Ta zo da sharuɗɗa: a gama gini kafin shekara ta fita, ko kuɗin su koma inda suka fito, kuma ba a taɓa layi ɗaya a zanen sai da sa hannun wanda ya zana. Zanen guda ne, an buga shi don ƙasar duka. Mai shi bai taɓa taka yankinmu na Kurfey ba, saboda haka babu abin da ya rikita masa tunani.

Wanda ya kawo zanen wani saurayin Anasara ne, ma'aikacin gine-gine, mutane suna ce masa Mai Igiya saboda abin awon da ba ya rabuwa da shi. Wanda aka ba aikin kuma Arzika ne, tsohon magini, wanda mahaifinsa ya gina rabin sorayen kasuwar yankin. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da shanu. Dukiyarsa ɗaya ce: ba a taɓa cewa bangon Arzika ya faɗi ba.

Mai Igiya ya kafa turaku yamma da hanya, ya shimfiɗa zane, ya ce in faɗa wa magini doka ta ce ƙofofi da tagogi duka su fuskanci hanya, da sandar tuta a gaba, don babban baƙo ya ga fuskar gini tun daga cikin mota. Wato su kalli gabas ke nan.

Arzika ya dubi turaku, ya dubi gabas, ya ce, "Tahinta, tambaye shi, ƙasarsu daga ina hadari ka tasowa?"

Na tambaya. Mai Igiya ya ce a saninsa ruwa daga sama yake zuwa, a ko'ina cikin duniya.

"To hwaɗa mishi namu a kwance shika zuwa, daga gabas, da iska bayanai. In na buɗe ƙohwa nan, iska ta shiga ta ɗauke kwano, ruwa shi ci gindin bango. Damina guda ta ishe shi."

Na juya wannan da Faransanci mai ladabi. Na ƙara da nawa, na ce na zauna Gao, na zauna Agadas da Kano da Fort-Lamy, na ji Zabarmawa da Fulani da Buzaye suna gardama a kan kome, amma ban taɓa jin sun yi gardama a kan bangon gabas ba. Kowa kauri yake ba shi, ya bar shi a toshe. Mai Igiya ya saurare ni da haƙuri irin na wanda ake ba labarin aljanu. Ya ce injiniya ne ya yi zanen, kuma ana iya neman canji a rubuce. Amsa za ta zo bayan kuɗin sun koma. In magini ba zai iya ba, kumandan zai kawo wani daga Yamai, a kuma rubuta cewa na nan ya gaza. Ya shiga mota, ya ce zai dawo duba aiki tsakiyar damina.

Arzika ya zauna a kan tubali. Sannan ya ce, "In na ƙi, a ce na gaza. In na yi, shi hwaɗi, a ce lekwal ɗin Arzika ta hwaɗi bisa ɗiyan mutane. Wa ka tuna sunan mai takarda?"

Na sake karanta takardar a hankali, layi layi. Babu gabas a ciki, babu yamma. Hanya kawai ta sani. Hanyar kuwa ba kwalta ba ce, sawun raƙuma ne da na motar da ke wucewa sau ɗaya a mako.

Muka je wurin maigari. Ya ji bayani, ya ce, "Watau gini ba shi juyawa, amma ba a hana hanya tahiya ba?" Na ce ban ga inda aka hana ba. Ya aika wa arɗon Fulanin da ke mashekari kusa. Mako guda ana kora shanu safe da yamma ta bayan turakun, har ƙasa ta daddale ta zama turba. Tsohuwar hanya aka tare ta da ƙaya, ruwan farko na sauka aka shuka mata hatsi. Arzika ya yi gininsa a kan turakun Mai Igiya, bai gusa da taki ɗaya ba. Ƙofofi da tagogi suna yamma, bangon gabas a toshe, mai kauri kamar na rumbun sarki.

Ranar duba aiki na zauna gaban mota kusa da direba, wani Bazabarme da ya shekara goma yana bin hanyar. Da muka iso ya taka burki, ya dubi hatsi ya kai gwiwa inda ya saba wucewa, ya ce mini da Zabarmanci, "Tafinta, hanyar nan aure ta yi ta tare?" Na ce masa ya bi sawun shanu ya riƙe bakinsa, akwai zabi biyu suna jiransa gidan maigari.

Mai Igiya ya sauka ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ƙirga tagogi. Ƙofofi na kallon hanya, tuta na gaba. Yana cikin aji na biyu, wajen la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta zo ta daki bangon baya, ruwa ya biyo ta a kwance kamar ana watsa tsakuwa. Muna tsaye a ciki, ƙofa a buɗe, ko takardar hannunsa ba ta jiƙe ba. Arzika ya jingina da bangon, ya ɗora tafin hannu a kai yana saurare.

Mai Igiya ya juyo da murmushi ya ce, "Tambayi tsohon, yanzu ya ga amfanin bin zane?"

Na tambaya. Arzika ya ce, "Hwaɗa mishi na gani. Allah shi ƙara ma mai takarda basira."

Wannan kam na juya shi kalma da kalma.

Ni na buga rahoton da hannuna. An rubuta cewa zanen ya dace da yanayin ƙasar ƙwarai, kuma maginan gargajiya sun fara fahimtar aikin zamani in an sa musu ido. Mai Igiya ya sami ƙarin girma. Taswirar biro ta ci gaba da nuna hanya a inda hatsi yake har na bar aiki. Arzika bai shiga rahoto ba, bai kuma nema ba. Ya mutu ba a ce bangonsa ya faɗi ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu takarda ba ta kuskure, sai dai ƙasa ta zauna ba daidai ba, a gyara mata zama. Amma ku da ba ku da Dakar a kanku, kafin ku kafa turke ku nemi tsohon maginin garin ku tambaye shi ta ina hadari ke tasowa. Ya fi sauƙi. Ba kowane gari ne ke da shanun da za su ƙaurar muku da hanya ba.