Katakon Akori-kurar Gidaɗo

Ɗan Asabe ɗan mahauta ne gaba da baya, a Talata Mafara. Ubansa ya so ya riƙe wuƙa, shi kuwa guduma ce ta shiga ransa. Ya bar rumfar fawa ya koma bakin tasha yana gyaran jikin mota. Da aka fara aikin madatsar Bakolori, motoci suka cika gari, sunansa ya fita har Bakura da Maradun. Sai dai mutum ne mai wuyar sha'ani. In ka kawo masa mota, kafin ya amsa gaisuwarka sai ya gama zagin duk wanda ya taɓa ta kafin shi.

Abu ɗaya ya sani a duniya: yadda mota ta fito daga kamfani. Yakan ɗaga robar ƙofa ya kankare da farce, ya gano launin asali a ƙarƙashin fentin da aka lafta. Ya ce waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce a jere, ta bakin tasha kuwa kumburi ce kawai. Duk abin da ba na asali ba, ɓamɓare shi yake ya jefar, ko mai mota yana kuka.

Wata ranar kasuwa aka jawo masa wata tsohuwar akori-kura da igiya daga wajen Tsibiri. Wanda ya kawo ta Zubairu ne, mai noman albasa a bakin kwanal ɗin ban-ruwa. Motar ta ubansa ce, Gidaɗo, Bafulatanin da ya sayar da bijimai ya saye ta tun kafin a fara zancen madatsa. Ruwa ya zo ya cinye fadamar da yake kiwo da rugarsa. Shanun suka tafi ɗaya bayan ɗaya, wasu kasuwa, wasu ciwo, daga baya idanunsa ma suka bi su. Motar nan ita ta kwashe kayansu ranar tashi, daga nan ta tsaya gindin wata tsamiya, kaji na ƙwai a cikinta.

Zubairu ya ce, "Tsoho ya matsa shina son ya sake shiga cikinta kahin Allah ya yi ikonai. Ka maishe ta kamar sabuwa."

Ɗan Asabe ya ji tausayi, kuma aikin ya yi masa daɗi. Ya gano ashe shuɗiya ce a ƙarƙashin kore da rawaya. Ya je har Gusau neman fitilun asali. A cikin katakan bodi ya tarar da wani guda da ba na kamfani ba, ɗanyen sassaƙe, ga wata ƙuna a gefensa. Ya yi tsaki, ya cire shi ya ba Marka mai tuwo ta yi benci.

Ranar da aka gama, Zubairu ya riƙo hannun tsohon suka zo. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da gajiya da jama'a. Motar tana ta ƙyalli, mutanen tasha sun kewaye ta, Ɗan Asabe sai hura hanci yake. Gidaɗo ya saki hannun ɗansa. Ya shafa ƙofa, bai tsaya ba. Ya bi gefen hagu da lalube har baya, ya shafa katakon sama, ya shafa na ƙasa, ya sake komawa. Sai ya sauke hannunsa.

Ya ce, "Wagga ba tawa ba ta."

Ran Ɗan Asabe ya ɓaci. Ya buɗe gaban motar yana nuna lambar kamfani da aka buga a jikin ƙarfe, yana rantsuwa. Ya manta makaho yake nuna wa.

Zubairu ya ja shi gefe. Ya ce ranar da tsoho ya sayo motar, ya sa ƙarfen shaidar garkensa a wuta ya ɗora wa wani katako, ya ɗaura mata, don duk abin da ya shigo garke sai an yi masa shaida. Ya ce, "Yanzu babu saniya ɗaya raye da ke ɗauke da shaidag ga. Ita kaɗai ta rage."

Sai a lokacin Ɗan Asabe ya gane. Shi da ya tashi cikin ƙiraga a rumfar ubansa, ya ga shaidar Fulani iri-iri a jikin fata, shi ne ya kalli wannan ya ce ƙuna ce. Kunya ta rufe shi. Ya nufi rumfar Marka da sauri, ya tashi mutum biyu da ke tsakiyar cin tuwo, ya sungumi bencin.

Marka ta ɗaga murya, "Kai Ɗan Asabe! Kyauta ake biyowa a amshe? Ina masu tuwona za su zauna?"

Ya ce ta zo ta ɗauki sabon katakon. Ya kwance katakon da ya goge ya fente da hannunsa, ya mayar da tsohon katakon, duk ya sha miya da man gyaɗa, ya ɗaure shi tam. A jikin shuɗiyar motar nan ya yi muni ƙwarai, 'yan tasha har da masu dariya. Ɗan Asabe bai ko kalle su ba. Ya kama hannun Gidaɗo da kansa ya ɗora a wurin.

Yatsan tsohon ya faɗa cikin ƙunar, ya bi ta a hankali, ya kewaya, ya sauko. Ya daɗe a haka. Sai ya jingina goshinsa da katakon, ya yi irin kiran da yake yi wa shanu idan za a koma ruga da yamma, ƙasa-ƙasa. Dariyar tasha ta mutu.

Ya ce, "Ashe kina nan. Zubairu, buɗe mani in shiga."